An Yanke Shirun Kaka

Tun da aka kafa dokar tace tarihi, ba a kunna wa ɗalibai muryar tsoho sai ta bi ta ofishin gyara. Malama Tasalla ta je ofishin karɓo faifan kakarta, mai labarin yadda Turawa suka kwashi 'yan'uwanta zuwa haƙar kuza.

Ta saurara a tsaye. Muryar kaka ce, har da tarinta.

"Ba mu cire kalma ko ɗaya ba, Malama," in ji ma'aikacin. "Shirun kawai muka yanke. Yara ba sa iya jira."

Da, in kaka ta ambaci wanda bai dawo ba, takan daɗe ba ta ce komai ba. Yanzu sunayen na bin juna kamar kiran suna a aji.

"Ai shirun nake koyarwa," in ji Tasalla. Ta sa hannu a takardar karɓar faifan, ta fita.