Rediyon Maginiyar Tukwane

Tunda ka ce gobe za ka shiga kasuwa neman rediyo saboda labarin hadari, zauna tukuna ka ji abin da ya faru a wata unguwar magina tukwane, don na lura idonka ya fi karkata ga mai ƙara.

Wasu mata biyu ne maƙwabta, sana'arsu ɗaya, suka tafi kasuwa tare a farkon bazara. Ka san halin yumɓu: tukunyar da ba a gasa ba, komai kyanta, laka ce kawai, ruwa na taɓa ta za ta koma inda ta fito. Bara ruwan farko ya narkar musu da randuna a wurin shanya, shi ya sa bana kowacce ta ƙudura sai ta sayi abin da zai gaya mata zuwan hadari kafin ya iso. Ta farko tana shiga shago idonta ya faɗa kan wani ƙaton rediyo mai fitilu ja da kore, wanda in an kunna shi har kwanukan maƙwabta sai sun yi rawa. Ko tambaya ba ta yi ba, ta ce a ɗaure mata. Ta biyu kuwa ta zauna a benci ta gajiyar da mai shago. Ta sa ya kamo mata tashar jiharsu, wadda ke faɗin hasashen yanayi da Hausa tana ambaton garuruwa da sunayensu. Ta sa ya shiga da shi can ƙuryar shago a ji ko muryar za ta shaƙe. Sannan ta ce, "To malam, in an ɗauke wuta fa?" Ya ce ai sai a jira a kawo. Ta girgiza kai, don a garinsu hadari bai gama haɗuwa ba ake ɗauke wuta, wani lokacin ma tun ba a gan shi ba. Daga ƙarshe ta ɗauki wani ɗan ƙarami mara fasali, mai mariƙi a gefe, wanda in ka murza sai ya yi magana, ba ruwansa da wuta balle batir. Maƙwabciyarta ta yi ta dariya har gida, wai an je sayen rediyo an dawo da injin markaɗe.

A unguwar nan ba a yin gashi ɗai-ɗai. Kowace mace takan tara aikinta na makonni, ranar gashi a jera gaba ɗaya a rami guda a bayan gari, a lulluɓe da kara da busasshen kashin shanu, kuma babbar cikinsu ce kaɗai ke ƙyasta ashana. In wuta ta kama babu ja da baya, in kuwa ruwa ya sauka a kan tukunya mai zafi sai dai a kwashi tsingaro. Ranar da aka tsayar, gari ya waye wasai. Babu wuta tun safe, ƙaton rediyo yana zaune gum a ɗaki an rufe shi da mayafi kamar amarya. Mai ƙaramin ta murza nata kafin ta fita, sai ta ji ana sanarwar iska mai ƙarfi da ruwa kafin faɗuwar rana, aka kira sunan garinsu a ciki. Ta sheƙa bayan gari, ta tarar an gama jeri, tsohuwa na tsaye da ashana a hannu.

Mata suka yi mata caa. Ga sama fes, kuma sauke jeren ɗanyun tukwane ya fi jera shi wuya, don a saukewar ake yin ɓarna. Ba ta yi musu da kowa ba. Ta durƙusa gaban tsohuwar ta ce, "Inna, ki dakata ki ji da kunnenki." Ta shiga murzawa, sai ga filin gaishe-gaishe, wani na gaida surukansa. Aka fashe da dariya. Kunya ta kama ta, amma ba ta saki mariƙin ba, ta yi ta murzawa har dantsenta ya ƙage, kafin aka maimaita sanarwar. Tsohuwa ta saurara, ta daɗe tana duban gabas, sannan ta ƙulle ashanar a bakin zane ta ce, "A sauke. Kara ba ya ruɓewa a kwana biyu." Aka yi ta jida zuwa ɗakuna ana gunaguni, kuma wadda ta fi kowa mita ita ce mai ƙaton rediyo, don ita ta fi kowa randuna. Bayan la'asar gabas ya yi baƙi ƙirin. Iska ta kwashe karan nan ta rataye a kan itatuwa, ruwa ya cika ramin gashi maƙil har yana ambaliya. Mai ƙaton rediyo ta tsaya a bakin ƙofa tana kallo, ta waiwayo ta ga randunanta jere a bushe, sai hawaye. Da ruwa ya tsagaita ta ɗebo man shanu ta shiga gidan maƙwabciyarta, ta zauna tana mulke mata dantse.

Da gari ya washe, rami ya bushe, aka yi gashi lafiya, kowa ta kai kayanta kasuwa. Don haka gobe, kafin ka tambayi mai shago ƙarfin muryar rediyo, tambaye shi ko zai yi magana ranar da komai ya yi shiru. Hausawa sun riga sun faɗa: in kunne ya ji, jiki ya tsira.