Zauren da Aka Cika da Kaya

Ka tambaye ni dalilin da ya sa na mayar maka da manhajar da ka rubuta, alhali ta fi ta kowa kyau a ido. Zauna ka ji wani misali.

An yi wani saurayi mai rubuta manhaja, yana neman wata budurwa da ke tsara katin biki a ɗan shagonta. Kwamfutarta tsohuwa ce, ƙwaƙwalwar na'urar ba ta ɗaukar abu da yawa a lokaci guda, kamar ƙaramar ƙwarya. Ya ga tana wahalar lalube, sai ya rubuta mata 'yar manhaja mai aiki ɗaya: ta buɗe mata manhajar da take so, sannan ta koma gefe. Budurwar ta yi murmushi ta ce, "Wannan ai zaure ka gina mini." Maganar ta zauna masa a rai. Duk zuwan da zai yi sai ya karɓi kwamfutar ya ƙara wani abu. Ya sa furanni masu motsi. Ya sa hotunanta da cikakken nauyinsu, don bai iya rage ko ɗaya ba. A ƙarƙashinsu ya rubuta kalmomin da bakinsa ya kasa faɗa. Daga ƙarshe ya sa manhajar ta riƙa kwaso duk fayilolin shagon tun daga kunnawa, wai don kada masoyiyarsa ta jira. Ita kuwa tana jin kwamfutar na nishi, amma yaya za ta ce wa mai kyauta kyautarsa ta yi nauyi?

Rannan baffanta, wanda shi ne zai ba da aurenta, ya shigo da amininsa a buga musu katin walima, mota na jiransu a bakin titi. Saurayin na zaune a kan benci, ya durƙusa ya gaishe su. Ta kunna kwamfutar. Zauren ya kwaso furanni da hotuna da fayiloli har ƙwaƙwalwar ta cika, manhajar katin ta rasa inda za ta sa ƙafa. Allon ya tsaya cak a kan hotonta, a ƙasa an rubuta da manyan baƙaƙe: "Hasken idona, yau ma ban yi barci ba." Ta danna, ta sake dannawa, bai motsa ba. Sai ta ja gefen mayafinta ta rufe allon, amma dattawan sun riga sun karanta. Baffan ya kawar da kai ya ce, "A bar shi, 'yata, ma nema a gaba." Ya fita bai dubi benci ba. Saurayin ya ji kamar ƙasa ta tsage ya shige. Ita kuma ba ta yi masa faɗa ba. Kanta a sunkuye ta ce, "Don Allah ka mayar mini da zaurena na farko." Ya zauna yana goge furannin ɗaya bayan ɗaya, yana tunanin da wace fuska magabatansa za su je gaban baffan nan.

To, kai ma haka ka yi wa taka. Ka cika zaure da kaya har mai gida ya rasa hanyar shiga ɗakinsa. Je ka rage mata nauyi, kada ta ɗauko fayil sai an nema. Hausawa na cewa, garin neman gira aka rasa ido.