Ofishin Goge Hoto

Tun da aka kafa sabuwar doka, hoton tsiraici ba ya buɗuwa sai ga idon wanda aka tura wa, ba ya kuma gogewa sai masoyan sun je ofis tare sun ɗora yatsa. Shi ya sa Rumasa'u ta nemi izini a wurin aikinta, ta zauna a bencin ofishin tana jiran Nazifi, saurayin da ya rabu da ita.

Ta san halinta. In ya yi shiru sai ta yi ta kira. Shi kuwa da ta matso sai ya ja baya. Ranar da ya ce, "In kina sona, ki nuna min," sai da ta yi kuka kafin ta tura masa hoton. Daga nan duk sanda ya ɗauke mata wuta, sai ta ƙara wani.

Ya iso bayan azahar yana taunar cingam. Ma'aikaciyar ofishin ta duba allo, ta sassauta murya.

"Malam, haka za a goge? Ba ka buɗe ko ɗaya ba."

Rumasa'u ta juyo. "Nazifi, ko ɗaya?"

"To me zan gani? So nake na ga ko za ki turo. Kuma kin turo."

Ya ɗora yatsa ya fice. Ma'aikaciyar ta matso mata da allon.

"Saura ke, 'yar'uwa."

Rumasa'u ta zuba wa ƙofa ido. "In ban sa ba, dole ya sake dawowa ko?"