Dokar Ɗan Majalisa

Kububuwa ta sari ɗan majalisa Mahfuzu a gonarsa ta bayan garin Ngong. Motarsa ta kafe a laka, ƙafar kuwa har ta soma baƙi.

"Ina likitar?" ya daka wa direbansa Dawuda tsawa.

"Ranka ya daɗe, Dakta Véronique tana bakin titi da allurar kashe dafin. Hanyar nan sai babur."

"To ta hau mana!"

Dawuda ya sauke wayar daga kunnensa a hankali.

"'Yan moto masu haya da babur sun fi goma a wurin, duk sun ƙi. Tun da ka sa aka hana su ɗaukar mata, babura bakwai aka ƙwace musu. Sun ce a yi maka sannu, amma ba za su ɓata tarbiyyar gari ba."