Ranar da Yatsa Ya Ƙi Shiga Almakashi

Cikinta wata bakwai, amma Ba-Raki ba ta taɓa rufe shagon ɗinkinta ko na wuni ɗaya ba. Mijinta ne ya laƙaba mata sunan, wai tsakaninta da keken ɗinkin ba a san wane ne ƙarfe ba.

Kuma wallahi ta ci sunanta. Da laulayi ya zo da amai, roba ta ajiye a ƙarƙashin tebur, ta juya ta yi abinta, ta kuskure baki ta ci gaba da taka keke. Ƙwannafi ya hana ta sakat, baya ya riƙe, fitsari kuwa kafin ta haɗa riga ɗaya ta zaga sau uku. Da ƙafa ta kumbura sai ta ari silifas ɗin mijin. Duk cikin dariya take ba da labari, har mata na yi wa 'ya'yansu misali da ita.

Awo sau biyu ta je. Aka ce lafiya lau, sai ta ga zaman layi ɓata lokaci ne ga mai aiki jibge.

Wata safiya ta ɗauki almakashi za ta yanka hannun 'yar rigar da take ɗinka wa jaririn, babban yatsa ya ƙi shiga. Almakashin da ta shekara goma tana riƙewa! Ta leƙa madubin shago, ta ga fuska suntum kamar wadda zuma ta harba. Kai na sara tun jiya, ga wasu 'yan taurari na yawo a idonta, zare ma ya gagara shiga allura. Nan take ta kira yayarta mai 'ya'ya biyar.

"Ke ma dai, ai haka ciki yake," in ji yayar. "Ni a cikina na uku sai da aka yanke mini zobe. Ke da ba ki da raki, yau za ki fara?"

Ba da mugunta ta faɗa ba, iya abin da ta sani ke nan. Amma maganar ta ɗaure Ba-Raki tamau. Ta haɗiyi maganin ciwon kai, ta koma yanka yadi da reza.

A kwana na huɗu, da hantsi, ta kife daga kan keke tana jijjiga. Maƙwabtan shago suka kwashe ta sai asibiti. Hawan jini ne irin na masu ciki. Likitoci suka ceto ta da ƙyar, amma ɗan, namiji, bai zo da rai ba.

Da ta farfaɗo, wata nas ta zauna bakin gadonta ta yi mata bayani. Ƙwannafi, ciwon baya, ƙafar da ke kumbura da yamma ta saɓe da safe, duk kayan ciki ne. Amma fuska da hannu su kumbura farat ɗaya, kai ya ƙi daina sara, ido ya dushe, wannan ba a kwana da shi. Awon jini na minti biyar zai nuna.

Ba-Raki ta yi kuka irin wanda ba a taɓa jin ta yi ba. Yayar ta kasa haɗa ido da ita, mijin kuwa ya rantse sunan nan ya fita bakinsa.

To, a nan ne matar ta burge ni. Da ta koma shago, ta rataye 'yar rigar nan marar hannu a gefen madubi. Tela ai kan riga kowa sanin mai ciki, tunda wurinta ake kawo kaya a buɗa. Duk wadda ta zo, sai ta kama hannunta ta duba, ta tambayi ranar da ta je awo. Babu katin awo, babu ɗinki. Wasu suka yi fushi suka canza tela, ko a jikinta.

Ran nan matar wani direba ta shigo da fuska a kumbure, tana cewa surukarta ta ce ba komai.

"Ƙanwata, ɗauki mayafinki," in ji Ba-Raki. "Ni ma haka aka ce mini."

Ta ja ƙofar shago da rana tsaka, ta sa kwaɗo, ta raka ta asibiti. Aka riƙe matar a gado sati uku.

Bayan wata biyu sai ga matar direban da jariri ɗan mitsitsi, yana ta tsala kuka. Ba-Raki ta karɓe shi ta daɗe tana kallo. Sannan ta sauko da rigar daga gefen madubi, ta zauna a keke ta haɗa mata hannu, ta sa masa da kanta.

Jama'a, juriya abar yabo ce, amma ba ta maye gurbin awo. Mai ciki in ta ce jikinta ya sauya, kada a ce mata raki, a kai ta a duba.