Furfurar Toka

Ruwan la'asar ya kama masaƙi a hanyar kasuwa, ya shigo gida a jiƙe sharkaf. Matarsa ta ɗago kai daga kaɗin auduga, ta tsura masa ido. Furfurar da ya fita da ita ta wanke tas, gemun baƙi wuluk, kamar ranar aurensu shekara talatin da suka wuce.

Ya shafa haɓarsa, ya ga toka a tafin hannu.

"Uwar yara, na daɗe ina ɓoye miki wata magana," ya ce. "Ni aljani ne, ba ma tsufa irin naku. Toka nake shafawa kullum don kada ki tsufa ke kaɗai. In kin ce in tafi, zan tafi."

Ta ajiye mazari, ta ja tsaki.

"Maigida, wa kake zaton yake tankaɗe tokar nan, ya ajiye maka a ƙoƙo bayan ƙofa? Da farko har da guntayen gawayi a gemu kake fita, kana ba ni kunya a gari."

Ya waiga ya dubi ƙoƙon da ke bayan ƙofa.

"Abin da ya ɓata mini rai, sai da ruwa ya tona maka asiri kafin ka faɗa mini da bakinka." Ta jawo ƙoƙon tana ƙunshe dariya. "Matso nan. Daga yau ni zan riƙa shafa maka. Kullum kuncinka na hagu ya fi na dama tsufa."