Binciken Gogo a Gidan Tabawa

Gogo ta shiga gidan Tabawa da sunan aron rariya, alhali rariya uku ne rataye a ɗakinta. Ta nemi inuwa ta miƙe ƙafa, ba ta da niyyar tashi da wuri.

Ƙanenta Gajere ne ya turo ta. 'Yarsa Zalika ta ce Rabo ɗan Tabawa take so, Rabo kuma ya aiko da manya da goro. Gajere ya duba yaron sama da ƙasa bai ga aibu ba. Yana noma, yana salla, yana gaisuwa a durƙushe. Abu ɗaya ne ya tsaya masa a wuya. Duk garin Karofane an san Tabawa ta sauko daga garin Ibohamane a shekarar fari ta 1973, bayan mutuwar mijinta, da yara biyu, ɗaya a baya ɗaya a kafaɗa. An kuma san ɗaya daga cikinsu a hanya ta tsince shi. Wani mai raƙumi ne ya faɗa, ya wuce abinsa bai nuna wanne ba. Shekara goma sha shida ana kintace. Gajere ya ce shi ba zai ba da 'yarsa ga wanda ba a san ubansa ba. In Rabo ne tsintaccen, a mayar da goro.

Tambayar Tabawa ɓata yawu ne, an sha gwadawa. "Duka Allah ya ba ni," take cewa, ta ci gaba da surfenta.

Don haka Gogo ta zo da ido. Rana ta biyu ciwon gwiwa ya kama ta daidai ƙofar gidan. Rana ta uku ba ta ma wahalar da kanta neman dalili ba.

Abin da ta gani a fili yake. Kalla, ɗaya saurayin, sunansa bai hutawa a bakin Tabawa. Ta kira shi daga bayan rumbu, ta zolaye shi da girman ƙafa, ta tsamo tsoka ta jefa masa a kwano. Rabo kuwa "wancan" ne. In ya shigo, sai ta sami abin kallo a jikin danga. Furarsa a gindin rumbu take ajiye ta, ba ta miƙa masa hannu da hannu.

A rana ta ukun Rabo ya dawo daga gona hauya ta sare shi a ƙafa, Kalla na riƙe da shi, jini na bin sawunsu. Tabawa tana tsintar wake. Ba ta tashi ba, ba ta ɗaga kai ba.

"Kalla, kai shi likita," ta ce.

Bayan sun fita Gogo ta lura waken ake zubarwa ƙasa, tsakuwar ce ke shiga ƙwarya.

Gogo ta haifi bakwai, kuma har yau ba ta taɓa faɗin sunan babban ɗanta ba, ga shi da furfura. Ba wanda zai koya mata kunyar ɗan fari. Ta dai ga Kalla ya ɗan fi Rabo tsawo, yana kuma da wushirya irin ta Tabawa, amma ta ce wannan aikin cin tuwo ɗaya ne.

Ta koma wa ƙanenta da rariya ta huɗu da hukunci.

"Rabo ɗanta na, ɗan hwari. Mace ba ta yi ma ɗan tsintuwa kunya. Kalla anka tsinta, shi ya sa take lallaɓa shi kamar baƙo."

Gajere ya raba goro. Ya gargaɗi Gogo ta riƙe maganar, ta kuwa riƙe ta har bakin rijiya. Kafin ranar kasuwa yara na kiran Kalla ɗan hanya. Takawa mahauci, wanda Kalla ya fara tsayuwa a ƙofar gidansa saboda 'yarsa, ya aiko cewa yarinyar ba ta isa zance ba tukuna. Shekararta sha takwas.

Duk da haka Kalla ya tsaya wa bikin Rabo. Shi ya kwaɓa ƙasar ɗakin amarya, shi ya ɗora azara, shi ya yi wa ango rakiya.

Washegarin tarewa da hantsi ya tarar da Tabawa ita kaɗai tana ɗauraye ƙore. Ya tsuguna kusa da ita.

"To, Inna, shi ya samu. Ni hwa?"

Tabawa ta daɗe tana kallon sabon ɗakin. Tausayin su biyun ya cika mata ciki, har ta rasa wanda ta fi cuta.

"Kai bayan kaka ka tahi Ibohamane, wurin dangin ubanka," ta ce. "Can sun ci ragon sunanka, sun san inda anka binne cibiyarka, ba mai hana ka mata. Ka gahwarce ni, Kalla. Kunyarka ta ɗan hwari na ɗauka na ba shi, don shi da na ɗauko a gindin gawo ba shi da wata shaida sai ita."